Kuɗin makarantun gwamnati: a rubuta lissafin a bango, kowa ya gani

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama aka koma lakwal, akwai saƙon da yara ke kai wa iyayensu gida tun makon farko: an ce a kawo kuɗin COGES. Wani wuri dala ɗari ne, wani wuri jika guda, a kolej da lise abin kan fi haka. Uba ya lalubo ya bayar, uwa ta cire daga ribar ƙosai ko kuɗin adashi ta cika, wani gidan kuma sai an buga waya Libiya ko Abijan ko Legas kafin a samu. Ana biya, domin babu mai son a koro masa ɗa. Amma ka tambayi iyaye a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa nawa aka tara bara a makarantar ƴaƴansu, me aka saya, nawa ya rage, da wuya ka samu mai ba ka amsa. Ka ƙara tambayarsu me gwamnati ta aiko wa makarantar, me ma'aikatar magajin gari ta kashe mata, nan ma sai ka ji shiru.

Wannan shirun shi ne abin da ya kamata mu daina yarda da shi. Ra'ayina shi ne, kowace makarantar gwamnati a Nijar ta rubuta lissafin kuɗinta da kayanta a bango, inda mai wucewa zai gani, a kuma karanta shi da babbar murya a gaban iyaye cikin harshen da suke ji. Hukumomin da ke sama da makarantar su ma su faɗa wa jama'a abin da suka aiko mata, domin a gwama maganar mai bayarwa da ta mai karɓa. Wannan aiki bai buƙatar sabuwar ma'aikata ko tallafin wata ƙasa. Fenti da alli da niyya sun ishe shi.

Kuɗin wa ake kashewa?

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa kuɗin gwamnati kuɗin gwamnati ne, kamar daga sama suke faɗowa. Idan aka gina aji sai a yi godiya kamar an yi mana kyauta, idan ba a gina ba sai a ce Allah ya kawo rabo. Gaskiyar magana kuwa, babu ɗan Nijar da ba ya zuba wa baitulmali kuɗi. Mai sayen kaya a kanti yana biyan harajin TVA, wanda ya kai 19 cikin 100 a kan yawancin kayayyaki. Mai sayar da tumatir a kasuwa ana yanka masa tikiti. Ɗan kasuwa na biyan patanti, yana biyan duwan idan ya shigo da kaya, sannan ya ɗora a kan farashin da ni da kai za mu biya. A karkara maigari na bi gida-gida yana karɓar lanho. Bayan an kafa asusun ceton ƙasa na FSSP a ƙarshen shekarar 2023 kuma, an fara cire wa mai kiran waya ko sayen megan intanet dala biyu zuwa asusun. Ɗan ci-rani da ya aiko kuɗi gida, da zarar iyalinsa sun shiga kasuwa da su, shi ma ya biya nasa kason.

Ke nan albashin malami, da littafin da aka raba, da ajin da aka gina, duk daga aljihun talaka suka fito. Dokar ilimi ta ƙasa da aka kafa a 1998, wadda ake kira LOSEN, ta raba nauyin makaranta tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye. Idan aka duba da kyau, dukkan ukun mutum ɗaya ne ke ciyar da su: uban yaro. Yana biya ta hanyar haraji, ya sake biya ta hanyar karo-karon COGES, wani lokaci ya biya karo na uku da ƙarfinsa, idan aka ce kowa ya kawo kara da itace a kafa rumfar karatu. Wanda ya biya sau uku, ai bai yi rashin kunya ba idan ya ce a nuna masa inda kuɗin suka shiga.

Muna da tsarin, mun bar shi ya yi barci

Abin takaici shi ne Nijar na cikin ƙasashen da suka riga wasu samun tsarin da zai iya wannan aiki. Tun 2002 aka fara kafa kwamitocin kula da makarantu da ake kira COGES. A 2004 aka ƙaddamar da shirin Makaranta Don Kowa a jihar Tawa tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan, daga nan ya shiga jihar Damagaram, a 2007 kuma aka baza tsarin a faɗin ƙasa. Daga baya an sauya wa kwamitocin suna zuwa CGDES, ko da yake bakin jama'a bai saki sunan farko ba. Ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso sun ɗauki darasi daga abin da aka fara a Tawa.

Tsarin a takarda mai kyau ne. Iyaye ke zaɓen wakilansu ta hanyar ƙuri'ar asiri, domin kada kunyar maigari ko ta wani attajiri ta hana mutum zaɓen wanda ya yarda da shi. A cikin kwamitin akwai wakilan iyaye, da wakiliyar ƙungiyar uwaye, da wakilin malamai, daraktan makaranta kuma shi ne magatakarda. A farkon shekara ana kiran babban taro, a zayyana matsalolin makaranta, a tsara abin da za a yi da abin da zai ci. A tsakiyar shekara a dawo a duba inda aka kwana, a ƙarshenta a yi cikakken lissafi. Kwamitocin kowace ƙaramar hukuma kuma suna da tarayyar da ke haɗa su.

Inda aka bi wannan tsari da gaske, an ga amfaninsa: iyaye sun gina azuzuwa da hannunsu, sun sama wa malamai masauki, sun bi gida-gida suna roƙon a saka ƴaƴa mata makaranta. Sai dai a wurare da dama, musamman cikin birane, abin da ya rage na COGES shi ne karɓar kuɗi. Za ka tarar da shugaban kwamiti ya shekara da shekaru a kan kujera, ƴaƴansa sun gama makarantar tuntuni, ba wanda ya tuna ranar da aka yi zaɓe na ƙarshe. Ma'aji sunansa kawai ke takarda, kuɗin suna hannun wani. Babban taro kuwa, idan an kira shi, mutum goma sha ne ke zuwa, a karanto lissafi da Faransanci cikin minti biyar, a yi fatiha a watse.

Mu ɗauki misali don a gane girman abin. A ce makaranta na da ɗalibai 600, kowane ya kawo jika ɗaya. An tara jika 600 ke nan a shekara guda. A gari mai makarantu 50 irin wannan, kuɗin sun kai miliyan 30 na sefa, kuma duk daga hannun mutanen da wasunsu sai sun yi tunanin abin da za a ɗora a tukunya da dare. Babu ɗan kasuwar da zai miƙa wa yaron shagonsa jika 600 bai tambaye shi lissafi ba. To me ya sa idan kuɗin na yaranmu ne sai mu kau da kai?

Babban ramin yana sama

Kada a ɗauka darakta da ƴan kwamiti ne kaɗai abin dubawa. Kuɗin karo-karo ƙaramin abu ne idan aka gwada da waɗanda ke bi ta ma'aikatar ilimi da ƙananan hukumomi: kwangilar gina azuzuwa, sayen tebura da littattafai, abincin kantin, albashi da kuɗin malaman kwantaragi. A shekarun baya hukumar HALCIA mai yaƙi da cin hanci ta bankaɗo sunayen malaman bogi masu yawa, waɗanda ake fitar da kuɗinsu kowane wata alhali ba su taɓa tsayawa gaban allo ba. Irin wannan ɓarna ba ta yiwuwa sai a cikin duhu. Da a ce jerin sunayen malaman da ake biya da sunan kowace makaranta yana manne a ƙofarta, ɗan aji uku ma zai iya cewa wannan mushen ba mu taɓa ganinsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Janairun 2016 gwamnati ta fitar da dokar da ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannonin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, ciki har da gina makarantun firamare da kula da su. Manufar ita ce a kusanto da shawara wurin jama'a. A watan Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi su riƙe su. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan mataki, amma akwai abu guda da ba a musu a kansa: kansilan da a da zai iya tashi a zaman majalisa ya tambayi inda kuɗin gina aji suka tafi, yanzu babu shi. Idan babu wakili mai tambaya, wajibi ne a buɗe wa jama'a littafin su duba da kansu. Kantoman da ya san hannunsa tsaf yake, wannan ma kariya ce a gare shi.

Kada kuma mu manta abin da rashin aji na ƙwarai ya jawo mana. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, yara 20 suka rasu, yawancinsu ƴan ƙananan aji. Ranar 8 ga Nuwamban wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasa rayukansu. A lokacin hukumomi da kansu sun ce akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar. Ba ina cewa sata ce ta haddasa waɗannan gobara ba. Talauci da yawan yaran da ke isa shiga makaranta kowace shekara sun fi ƙarfin abin da ake ginawa. Amma a ƙasar da ke da irin wannan giɓi, duk ajin da aka biya kuɗinsa ba a gina ba, ko aka gina da siminti kaɗan damina biyu ta kayar da shi, yara hamsin ko fiye ne aka mayar ƙarƙashin kara. Shi ya sa maganar lissafi ta wuce maganar kuɗi, ta taɓa rayukan yara.

Abin da Yuganda ta gwada

Akwai ƙasar da ta taɓa shiga irin wannan hali ta kuma gwada maganin da nake magana a kai. A Yuganda, gwamnati na ware wa kowace makarantar firamare kuɗin gudanarwa gwargwadon yawan ɗalibanta. Da aka bi sawun kuɗin, sai aka gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantu. Sauran suna maƙalewa a ofisoshin gundumomi, makarantu da yawa ma ba su san ana aiko musu da komai ba. Sai gwamnati ta fara buga adadin kuɗin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu kowane wata, ana faɗa a rediyo, aka kuma umarci makarantu su manna sanarwar abin da suka karɓa inda kowa zai gani. Da aka sake bincike a 2001, abin da ke isa makarantu ya haura kashi 80 cikin 100. Masana tattalin arziki biyu da suka yi nazarin lamarin, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun lura cewa makarantun da ke kusa da inda ake sayar da jarida sun fi cin moriyar sauyin. An yi wasu gyare-gyare a fannin ilimin ƙasar a daidai wannan lokaci, don haka ba jarida kaɗai ta yi aikin ba. Duk da haka darasin a fili yake: darakta da iyayen da suka san nawa aka aiko musu, ba a iya sallamarsu da rabi.

Ƴan uwanmu da ke zaune a Amurka, a garuruwa irin su Greensboro, sun san wani salon. A can yawancin gundumomi na da hukumar makarantu da jama'a ke zaɓa, kaso mai yawa na kuɗin makarantun daga harajin gidaje yake fitowa, ana buga kasafin kuɗin kowa ya karanta, zaman hukumar a buɗe yake, uba ko uwa na iya tashi su yi tambaya. Su ma suna rigima a kan kuɗi, wani lokaci ana kama masu almundahana. Bambancin shi ne takardun na nan, mai son dubawa zai duba. Mu ma a takarda muna da wannan ƴanci: tun ranar 23 ga Fabrairun 2011 Nijar ke da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Mutum nawa ne suka taɓa amfani da ita don ganin takardar kwangilar ajin unguwarsu?

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce yawancin iyaye ba su yi boko ba, me za su gane a lissafi? Wannan raini ne. Matar da ke riƙe adashin mutum talatin ba ta taɓa ɓatar da zubin kowa ba. A gidan biki ana ajiye mai rubuta gudummawa, wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza, bayan shekara biyar a buɗe littafin a rama. Dillalin dabbobi a kasuwar Badagishiri ko ta Gidan Rumji yana riƙe cinikin miliyoyi a kansa. Mutanenmu sun iya lissafi sarai. Abin da ke hana su bin na makaranta shi ne ana yin sa da harshen da ba su ji, a cikin littafin da ke kulle a ofis. A faɗa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, a ce buhun siminti nawa aka saya kuma a kan nawa, za ka ga wanda zai ɗaga hannu ya ce a kasuwa ba haka farashin yake ba.

Wani kuma zai ce neman lissafi zargi ne, zai ɓata zumunci, ya sa mutanen kirki su guji aikin kwamiti, tun da ba biyansu ake ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Daraktoci da yawa da kuɗin aljihunsu suke sayen alli, akwai malaman kwantaragi da ke koyarwa a ƙauyen da ba ruwa ba wuta, kuɗinsu ma ba ya zuwa a kan lokaci. Amma a yau, da ba a nuna lissafi, wa ya tsira daga zargi? Mai gaskiya da maras gaskiya duk ɗaya ake yi musu kallo, ana gulmarsu a fada da bakin rijiya. Allon lissafi shi zai wanke mai gaskiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda zai ji haushin allon shi ne mai kaza a aljihu, wanda ba ya jimirin as.

Magana ta uku ta fi nauyi: shin lissafi zai sa yaro ya iya karatu? Shi kaɗai ba zai sa ba, kuma an gwada a nan gida. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an ɗauki makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin 500 daga ciki tallafin kuɗi, wajen jika 100 kowace makaranta, aka bar sauran don a gwada. Masu bincike Elizabeth Beasley da Elise Huillery sun gano cewa iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare an sayi kayan aiki, amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba a wannan ɗan lokaci, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Wani gwajin da aka yi daga baya ƙarƙashin shirin JICA ya nuna cewa idan aka haɗa tallafin da horo, aka nuna wa iyaye ainihin matakin karatun ƴaƴansu da yadda za su kashe kuɗin a kan abin da zai ɗaga shi, to sakamakon yara na gyaruwa. Abin da wannan ke koya mana shi ne, allon bango ya ƙunshi abu biyu: kuɗin da aka kashe, da abin da yara suka iya. A ƙasar da binciken PASEC na 2019 ya nuna cewa wajen yara 3 cikin 10 ne kawai ke kai matakin da ake so a karatu a ƙarshen firamare, iyaye na da haƙƙin sanin ko jikar da suka bayar ta tafi wurin littafi da darasin ƙari, ko ta tafi wurin shagalin ƙarshen shekara.

Akwai kuma masu cewa ƙasa na fama da matsalar tsaro, ba lokacin wannan magana ba ne. Ni a ganina yanzu ne ma lokacinta. Bayan sauyin mulki na Yulin 2023 wasu daga cikin masu ba da tallafi daga waje sun dakatar da nasu, hukumomi kuma suna kira da mu dogara da kanmu. Dogaro da kai na nufin kuɗin talaka ne za su ɗauki nauyin da a da wasu ke taimakawa a kai. Asusun FSSP kan fito ya bayyana abin da ya shiga hannunsa. Idan ana iya yin haka a kan miliyoyi a Yamai, ana iya yi a kan jika 600 a makarantar unguwa.

Me za a rubuta a bangon?

Abu na farko, abin da ya shigo: daga gwamnati, daga ma'aikatar magajin gari, daga ƙungiyoyi, daga iyaye, daga ƴan gari mazauna waje, kuɗi ne ko kaya, da ranar da ya iso. Na biyu, abin da ya fita, da farashin kowane abu da sunan wanda aka saya a wurinsa. Na uku, abin da ya rage da inda yake ajiye. A gefe guda a sa sunayen malaman da aka turo makarantar, da yawan ɗalibai, da yawan littattafai da tebura, da sakamakon gwajin karatu da lissafi na kowane aji ba tare da sunan yaro ba. A rubuta da boko da ajami inda ake buƙata, a sabunta sau uku a shekara, a karanta a babban taro a ranar da mata da ƴan kasuwa za su iya zuwa.

Duk wanda ya biya karo-karo a ba shi rasiɗi mai lamba. Kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu, kada kuma su kwana a aljihun darakta ko na shugaban kwamiti. Masu binciken lissafi su kasance mutanen da taro ya zaɓa, waɗanda ba dangin ma'aji ba ne. A riƙa sabunta zaɓen kwamiti a kan lokaci, da ƙuri'ar asiri kamar yadda aka tsara tun farko. Kuma kada a kori yaro daga aji saboda ubansa bai biya ba. Karo-karo taimako ne da iyaye suka amince da shi a tsakaninsu, bai kamata ya zama kuɗin shiga makarantar gwamnati ba.

A ɓangaren hukuma, kowane ofishin insifekta ya manna jerin abin da ya raba wa makarantunsa, gidajen rediyon al'umma su karanta shi kamar yadda suke karanta sanarwar biki da ta rasuwa. Duk inda ake gina aji da kuɗin jama'a a kafa allo mai ɗauke da sunan ɗan kwangila, da kuɗin aikin, da ranar gamawa, kada kuma a biya shi kason ƙarshe sai wakilan iyaye sun duba ginin sun sa hannu. Malamin da ya fallasa wata ɓarna kuma a kare shi, kada ladansa ya zama canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ya fi kowane nisa.

Matasa da ƴan ci-rani

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma da namu laifin, domin ana kiran taro ba mu zuwa. Matasan da ke zaune a fada ana shan shayi ana tattauna siyasar duniya har tsakar dare, yawancinsu sun yi karatun da iyayensu ba su yi ba, kuma ƙannensu ne ke cikin waɗannan azuzuwa. Kowace fada ta ɗauki makaranta ɗaya ta unguwarta. Ku raka iyaye taro, ku taya su karanta lissafi, ku taimaki ma'aji da rubutu idan yana buƙata, ku ɗauki hoton allon ku tura a zauren WhatsApp na unguwa. A yi shi da ladabi, ba da zagi ko yanke wa mutum hukunci a Facebook kafin a ji ta bakinsa ba. Tambaya uku sun isa: nawa ya shigo, me aka yi da shi, ina rasiɗin?

Ku kuma da ke Aljeriya da Libiya da Najeriya da Gana da Kodebuwa da Turai da Amurka, ƙungiyoyinku na ƴan gari sun gina azuzuwa da rijiyoyi da dama da guminku. Kun san wahalar da kuka sha kafin ku tara abin da kuke aikowa. Kada ku daina, amma ku sa sharaɗi: kafin kason gaba ya tafi, a turo hoton lissafin na baya, a kuma karanta shi a gaban mutanen gari, ba a kunnen mutum ɗaya ba. Wanda ya saba ba ku lissafin kuɗinku, gobe zai iya tsayawa ya nemi lissafin na gwamnati.

Ministan ilimi na iya mayar da wannan wajibi da takarda guda, gwamnoni da kantomomi na iya farawa a yankunansu tun kafin takardar ta fito, daraktan da ya yarda da kansa kuma na iya farawa gobe da safe. Idan babu wanda ya fara, to iyaye su nema a babban taro na gaba, kafin su miƙa kuɗin bana.